Muryar Hajo a Rediyo

Falgore,
6 ga Nuwamba, 1988

Zuwa ga taubashina Malam Lukumanu, a Ƙaraye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Tani da yara da 'yan makarantarka. Mu nan alhamdu lillahi, gyaɗa ta yi kyau bana, dawa kuma tana jiran yanka. Jiki dai lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba, shi ya sa na ɗauko alƙalamin da na ajiye tun da muka gama yaƙi da jahilci.

Kwanakin baya waɗansu mutanen gidan rediyo suka zo daga Kano a farar mota, wai suna tambayar manoma batun gyaɗa da takin zamani. Ranar kuwa mata suna daɓen sabon ɗakin da na gina wa mai ɗakina Hajo. Ka san al'ada, ranar daɓe namiji ba ya zama a gida, domin abin da mata ke rerawa suna buga madaɓi ba na kunnen maza ba ne. Ni ina gona. Baƙin nan suka shiga zaurena wai shan inuwa, suka ji waƙa ta kan katanga, suka kunna rakoda. Ba su yi sallama da kowa a ciki ba, sunan mai bayar da waƙar ma wani mai wucewa suka tambaya.

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune a majalisa a gindin ɗorawa, sai ga ta a rediyo. Da waƙar ta ƙare mai gabatar da shirin ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce wannan ita ce Hajo matar Gwadabe ta Falgore, ya ƙara da cewa ashe matan ƙauye in sun sami wuri sun fi na birni rashin kunya. Kada ka tambaye ni abin da ke cikin waƙar, hannuna ba zai rubuta ba. Ya ishe ka ka sani surukinmu Shitu, mijin 'yarmu Maijidda, yana tsakiyar kasuwar Rogo aka sa ta. Matar da ko muryarta ba ta ɗagawa in ya shigo gaisuwa, yau ya ji ta tana habaicin maza tare da mahauta da 'yan tebur.

Washegari Hajo ta ɗaure kayanta ta tafi gidan wanta Muntaka a Ruma. Ba mu yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi ba ta da idon da za ta kalli mutanen Falgore da shi. Ɗakin yana nan, daɓen ma ba a gama bugun ƙarshe ba.

An ce mini akwai takardar da ake rubuta wa irin waɗannan ma'aikatu ta koke, har su tsorata. Kai ne mai boko a danginmu, ko da yake kakata kullum tana cewa jikokin ƙaninta surutu suka gada. To ga ranar surutun naka ta zo. Ka koya mini yadda ake rubuta ta. Na ba Maikuɗi direba wannan, shi za ka ba amsa. Ina son matata ta dawo ɗakinta.

Naka,
Gwadabe

Falgore,
15 ga Nuwamba, 1988

Malam Lukumanu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan lafiya ce ta sa shiru. Ni lafiyata lau, in ban da abinci da ya ƙi shiga.

Kullum sai na fita bakin titi na tsaya kamar mai jiran baƙo, motar Maikuɗi babu ita babu labarinta. Ban san ko kai ne ba ka rubuto ba, ko kuwa kunyar a ce kana da dangi irinmu ce ta kama ka. In haka ne ka faɗa mini, ba zan ji haushi ba. Ƙarya nake, zan ji.

Na je Ruma sau ɗaya. Muntaka ya karɓe ni a zaure, ya kawo fura, ya ce tana nan lafiya amma ta ce a bar ta tukuna. Yara a nan sun ɗauki amshin waƙar suna yi a hanyar rafi, ba su ma san me suke cewa ba. In na kore su sai su ƙara.

Don haka na gaji da jira, na zauna na rubuta wa gidan rediyon da kaina, shafi uku cur. Na aika da sunan mai gabatar da shirin, tunda shi ya yi laifin. Ban yi masa rashin mutunci ba, domin ba a shiga gidan mutum a fara da faɗa. Na gaishe shi da aiki, na gaida iyalinsa da abokan aikinsa, na yi musu addu'ar ƙarin basira, na ce mu mutanen Falgore ba ma rabuwa da shirinsu. Sannan na ce mun ji waƙar mai ɗakina da suka sa, babu wanda bai ji ba a ƙasar Rogo. A shafi na uku na nuna masa a hankali cewa abin bai yi mana daɗi ba, a duba. Mai hankali ai zai gane.

Ka ga ashe ba sai da kai ba.

Gwadabe

Falgore,
25 ga Nuwamba, 1988

Malam Lukumanu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni ban san abin da zan ce maka game da tawa ba.

Shekaranjiya Laraba an karanta wasiƙata a rediyo, a shirin gaishe-gaishe. Wata mace ce ta karanta, da murya mai daɗi. Ta kawo gaisuwata duka, ba ta bar ko ɗaya ba, ta zo daidai inda na ce babu wanda bai ji waƙar ba, sai ta ce to Malam Gwadabe Falgore mun gode, ga waƙar mai ɗakinka nan mun sake sa maka, a sha sauraro lafiya. Na yi tsalle na kashe akwatin da ke gabana, amma na gidan maƙwabcina yana yi, na mai faci yana yi, garin duk ya ɗauka.

Yanzu duk inda na bi nuna ni ake. Da ana cewa an zalunce ni, yanzu ana cewa ni na roƙa. Liman da kansa ya kira ni gefe bayan sallar Juma'a yau ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Muntaka ya aiko a gaya mini kada in sake taka ƙofar gidansa, domin ita ma ta ji da kunnenta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, jiya sai ga Maikuɗi. Ashe motarsa ce ta lalace, tana gareji a Gwarzo, 'yar takardarka kuma tana cikin aljihun motar duk tsawon lokacin nan, har man inji ya taɓa ta. Na buɗe na ga layi biyu: kada in rubuta komai, in jira ka gama jarrabawar yara ka tsara mini. Na karanta na zauna a ƙasa. Ka yafe mini maganar kunyar dangi da na yi.

Yanzu ka gaya mini, shafi na uku ina ya shiga? Ba sa karanta wasiƙa har ƙarshe ne a birni? Ka amsa mini da sauri, kuma kada ka ba Maikuɗi, ka ba mai kai goro ranar kasuwa.

Gwadabe

Ƙaraye,
27 ga Nuwamba, 1988

Zuwa ga Yaya Gwadabe,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙunka biyu na baya a rana ɗaya. Muna lafiya, Tani tana gaishe ka, ta kuma ce in gaya maka ta yi kuka saboda Yaya Hajo. Ni ma na ji shirin na Laraba a ɗakin malamai. Da na ji sunanka na ɗauka ka haukace, sai da wasiƙarka ta zo na gane. A wata rana da na tsokane ka har shekara ta zagayo, amma wannan ba ta wasa ba ce.

Shafi na uku bai shiga ko'ina ba, ba a kai gare shi ba ne. Wasiƙun da ke zuwa da sunan masu gabatar da shiri buhu-buhu suke, kusan duk gaisuwa ce da roƙon waƙa. Wanda ke tantancewa kan takarda yake dubawa, da ya ga gaisuwa da yabo ya jefa ta kwandon gaishe-gaishe. Ladabin da ka yi ladabin zaure ne, inda mai gida yake zaune yana jiran ka iso kan magana. A ofis babu mai jira.

Ga yadda za mu yi. Ba mai shirin za mu rubuta wa ba, manajan gidan za mu rubuta wa, wanda zai iya kiran mai shirin ya tsaya a gabansa. Adireshinka da kwanan wata a sama, nasa a ƙasa. Kafin komai sai kan magana da manyan baƙaƙe, kalmar farko KOKE, yadda ko mai gyangyaɗi ba zai kai ta kwandon waƙa ba. Gaisuwa layi ɗaya, na san zai yi maka ciwo, ka daure. Daga nan sunan shirin da ranar da aka sa shi da lokacin, domin da su za a nemo kaset ɗin. Sai abin da aka yi, a fili, ba a duba ba. Ka kwantar da hankalinka, ba sai mun rubuta baitin waƙar ba. Laifin ba a bakin Yaya Hajo yake ba, a kunna rakoda yake a zauren mutum ba izini, da kiran sunan matar aure, da dariyar da aka bi ta da ita. Babu zagi, babu Allah ya isa, domin da sun ga zagi sun sami dalilin ajiye ta. Duka shafi ɗaya. Zan buga a tafireta da kabon mu riƙe kwafi, ka sa hannu, in kai gidan waya in yi mata rajista don kada a ce ba ta iso ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ƙashin bayan takardar: me kake so su yi? Koken da bai faɗi abin da yake nema ba kuka ne kawai. Ni a ganina mu nemi su ba da haƙuri a rediyo, a cikin shirin nan, su kuma ce ba kai ka roƙi waƙar ba. Amma muryar ba tawa ba ce, ba taka ba ce. Ka rubuto mini sau uku, ban ga inda ka ce ka tambayi mai ita ba. Ka je Ruma, ko Muntaka zai sa maka kare.

Ƙaninka,
Lukumanu

Falgore,
4 ga Disamba, 1988

Malam Lukumanu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, musamman Tani, Allah ya saka mata. An gama yankan dawa, ban ma san buhu nawa ba, yara na bar wa.

Na je. Muntaka ya bar ni a tsaye a rana har ƙafata ta gaji, sai da na karanta masa wasiƙarka tun daga farko, ya ji maganar kwando, sannan ya girgiza kai ya ce wauta ta fi mugunta sauƙin yafewa, ya shiga ya kira ta. Ta fito ta zauna a bakin zaure ta ba ni gefe. Ta rame, Lukumanu.

Na yi mata bayani yadda ka yi mini. Ta ce ta san ban roƙa ba, ta zauna da ni ta san ba ni da wayon wannan. Na ji sanyi, na kawo maganar ba da haƙuri a rediyo ina jin na zo da abin kirki. Sai ta juyo ta dube ni.

"Wato su kira sunana karo na uku," in ji ta. "Wanda ya manta ya tuna."

Ni da kai duk ba mu hango wannan ba. Ta ce ba ta son haƙurinsu, ba ta son a wanke ni a rediyo, in mutanen gari na zagina in daure kamar yadda take daurewa. Abin da ke hana ta barci shi ne muryarta tana can a ajiye a hannun maza a Kano, duk ranar da wani ya ga dama ya danna. Kaset ɗin take so, a tafin hannunta. Kuma ko a takardar kada a rubuta sunanta.

Na miƙe zan tafi sai ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "An ce ranar farko ka yi dariya a majalisa."

Ban musa ba, domin gaskiya ne. Da waƙar ta fara kowa ya yi dariya, ni ma na yi, har na ce wannan mata ta iya. Ban san ita ba ce sai da aka faɗi suna. Mun aurar da 'ya tare, amma ban taɓa jin ta tana waƙa ba, ina zan ji, tunda kullum korata ake. Na gaya mata haka. Ban san ko ya ƙara mata ciwo ko ya rage ba, har yanzu ina juya shi a raina.

Na tambaye ta yaushe za ta dawo. Ta ce in kaset ya zo, in zo. Ka cire maganar haƙurin nan, ka rubuta abin da ta ce, ka aiko in sa hannu. Ina roƙonka kada ka jira hutu.

Gwadabe

Ƙaraye,
8 ga Disamba, 1988

Yaya Gwadabe,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Yaya Hajo ta yi gaskiya, na cire. Ga takardar nan na buga, ka sa hannu a ƙasa inda na yi alama da fensir, ka ba mai goro ya dawo mini da ita. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya, na san hannunka zai yi ƙaiƙayi. Abin da ke ciki ke nan:

KOKE A KAN ƊAUKAR MURYA BA IZINI

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa.

Ranar Alhamis, 3 ga Nuwamba, bayan la'asar, a shirinku na zaman karkara, an sa waƙar daɓe da ma'aikatanku suka ɗauka daga zauren gidana a Falgore. Ba su nemi izinina ba, ba su nemi na matan da ke ciki ba. Waƙa ce ta mata tsakaninsu, ba ta bainar jama'a ba. Mai gabatar da shirin ya ambaci sunan matata, ya yi mata dariya, ya kira ta marar kunya. Ranar Laraba, 23 ga wata, an sake sa waƙar a shirin gaishe-gaishe aka ce ni na roƙa, alhali wasiƙar da na aiko ta koke ce.

Wannan ya zubar da mutuncin matata a gaban surukanta da garinmu, har ta bar gidanta.

Ina neman abu biyu. A daina sa waƙar, a kuma ba ni kaset ɗin da duk wani kwafinsa. Ba na neman a ba da haƙuri a rediyo, ina roƙon kada a sake ambaton sunanta ko nawa a kowane shiri, ko da na ba da haƙuri ne.

Ina jiran amsa a rubuce.

Shi ke nan, Yaya. Adireshin makarantarmu na sa don amsa, ya fi saurin isowa. Ba zan yi maka alkawarin za su amsa ba, amma wannan karon wanda ya buɗe zai san abin da ya buɗe. Ka ci abinci.

Lukumanu

Falgore,
22 ga Janairu, 1989

Taubashina Malam Lukumanu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Tani da yara, ya sanyi? Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuriya. Na janye maganar kakata, surutun naku yana da amfani.

Ƙunshin da ka aiko ya iso. Ban san yadda na yi makonnin nan ba, kullum Alhamis sai in rasa ko in kunna akwati ko in gudu gona. Takardar manajan na karanta ta sau da yawa, ko da yake babu abin karantawa: sun sami kokena, sun yi nadama, ga kaset, babu wani kwafi. Ko lafiyata bai tambaya ba. Amma ban taɓa samun wasiƙar da ta yi mini daɗi kamarta ba.

Ranar na hau keke zuwa Ruma. Na miƙa mata, ta juya shi a hannu, ta leƙa 'yan ramukan nan biyu, ta ce ashe ɗan wannan abin ne. Ta shiga ta ɗauko kayanta, ashe a ɗaure suke. Hajo tana ɗakinta, Lukumanu. Shitu ya zo gaisuwa, ta amsa masa daga bayan labule a hankali kamar da, shi ma bai ɗaga kai ba, Allah ya yi wa yaron nan albarka.

Jiya ta tara mata a ƙarasa daɓen da aka bari. Da safe ta sa na haƙa ɗan rami a bakin ƙofar sabon ɗakin, ta saka kaset ɗin da hannunta, ta mayar da tsakuwa, ta yayyafa ruwan makuba na ƙarfafa daɓe. Sannan ta ce in fita. Ban tafi gona ba wannan karon, na ɗauki sanda na zauna a ƙofar zaure, na ce ko hakimi ne ya zo shan inuwa sai dai ya nemi wata bishiyar. Babu wanda ya zo.

Na ji matan sun shiga, na ji an fara bugu. Na yi niyyar in an ɗauki waƙa in matsa nesa yadda ya kamata. Ban matsa ba, domin ba a ɗauka ba. Mata sun fi goma a ciki, tun hantsi har rana ta karkata, babu abin da ke fitowa ta kan katangar nan sai ƙarar madaɓi. Wata tsohuwa ta ɗan ja baiti sau ɗaya, babu wadda ta amsa, ta yi shiru. Da suka fito kowace sai ta dubi zauren kafin ta wuce.

Daɓen ya yi kyau, sumul, babu tsaga. Na tambayi Hajo da yamma me ya hana su, ta ce aikin ya fi sauri haka.

Na sami abin da na nema, ba ni da bakin ƙorafi. Amma ka ce duk koke sai ya faɗi abin da yake so da wanda ake kai wa. Jiya na wuni a ƙofar gidana ina jiran muryar da sai a rediyo na taɓa ji, ranar ma ban gane ta ba. Na rasa wanda zan sa a saman takardar.

Ka gaida Tani. In an yi hutu ku zo ku ga ɗakin.

Naka,
Gwadabe